Jawabin Daren Nasara: Wa Maganar Ta Ɗaure?

Kwanakin baya wani ya turo faifan bidiyo a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu. Wani sabon shugaban ƙaramar hukuma ne, an miƙa masa takardar shaidar cin zaɓe, ya gyara zaman hula ya fara jawabi. Wai nasarar nan ba tasa ba ce, ta al'umma ce. Mulki na Allah ne. Abokan takararsa 'yan'uwansa ne, ƙofarsa a buɗe take. Siyasa ta ƙare, yanzu lokacin aiki ne. Kafin ka ce kwabo 'yan zauren sun hau yabo: dattijo, mai hankali, ka ji maganar manya.

Yabon nan ne ya ba ni haushi. A zaɓen da ya kawo mutumin, jam'iyyar gwamna ce ta kwashe kowace kujera a jihar, kamar yadda aka saba. A Kano ma haka aka yi: a watan Janairun 2021 APC ta lashe shugabancin ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya, a watan Oktoban 2024 NNPP ta zo ita ma ta lashe 44 ɗin cif. To wace al'umma ce ta yi nasara, kuma wane abokin takara ake miƙa wa hannu, alhali kowa ya san sakamakon tun ranar da aka fitar da sunayen 'yan takara?

Ra'ayina shi ne, mun saba auna jawabin nasara da ma'aunin da bai dace ba. Muna auna shi da daɗinsa a kunne. Ni kuwa tambaya ɗaya nake ganin ya kamata a yi masa: a cikin duk abin da mutumin nan ya faɗa, akwai jimla ko da ɗaya da ta ɗaure shi shi kansa, wadda gobe za a iya tsare shi da ita a ce ga abin da ka faɗa? Idan akwai, jawabi ne. Idan babu, romon baka ne, komai kyan tsarinsa.

Yadda ake haɗa romon

Kayan haɗin ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Na farko shi ne faɗaɗa “mu”. Lokacin yaƙin neman zaɓe akwai mu akwai su. Mu ne masu kishin talaka, su ne ɓarayi. Mu ne 'yan asali, su ne 'yan amshin Shata. Da an sanar da sakamako, sai “su” ɗin ya ɓace ɓat, “mu” ya kumbura ya haɗiye kowa, har da wanda jiya aka ce kada ya kuskura ya shigo gari. Mai jin jawabin da bai zaɓi mutumin ba sai ya tsinci kansa a cikin nasarar da bai yi ba, ba tare da an nemi izininsa ba.

Dubi zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. Wato wanda ya ci ya samu kusan kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa. Cikin mutum sama da miliyan 93 da ke da rajista, waɗanda suka dangwala masa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ya faɗi a Legas, ya faɗi a Kano. Ba laifinsa ba ne, doka ta ba shi kujera da wannan adadin. Amma duk wanda ya tsaya a irin wannan matsayi ya ce “'yan ƙasa sun yi magana”, ya kamata mai sauraro ya tuna cewa mafi yawan waɗanda suka yi maganar wani sunan suka kira, mafi yawan masu rajista kuma ba su fito ba ma.

Na biyu shi ne ɓoye mai aikata laifi. Ba za ka ji an ce 'yan jagaliyarmu sun fasa akwati a mazaɓa kaza ba. Sai dai ka ji “an samu 'yan matsaloli nan da can”. Wa ya kawo su? Babu. Sun faɗo ne kamar ruwan sama. A jawabinsa na asubahin 1 ga Maris 2023, Tinubu ya amince an samu kurakurai, amma ya ce kaɗan ne kuma ba su taɓa sakamako ba. A daidai lokacin, babban ƙorafin 'yan adawa shi ne hukumar INEC ba ta ɗora sakamakon rumfunan zaɓen shugaban ƙasa a shafinta na intanet a kan lokaci ba, kamar yadda ta yi alkawari. Jimla ɗaya mai laushi ta lulluɓe abin da aka kwashe watanni ana shari'a a kansa.

Na uku shi ne labari. Gwanin wannan shi ne Barack Obama. A daren 4 ga Nuwamban 2008, a birnin Chicago, ya ɗauko labarin wata tsohuwa baƙar fata 'yar shekara 106 da ta fita ta kaɗa ƙuri'a a Atlanta, ya bi tarihin Amurka na ƙarni guda ta idonta, yana maimaita taken kamfen ɗinsa a ƙarshen kowace gaɓa har jama'a suka koma amshi. Mutane sun yi kuka. Ni ma ba zan ce jawabin bai yi kyau ba, ya yi. Sai dai kukan da mutum ya yi a wurin jawabi ba ya gaya masa komai game da abin da za a yi da kuɗin baitulmali.

Rigar da ta shiga kowa

Hujjata mafi ƙarfi kan cewa yawancin kalmomin nan ba su ɗauke da kaya ita ce, ana iya cire su daga bakin wani a saka a bakin wani, ba abin da zai canza.

Ranar 8 ga Satumban 2016, marigayi Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin gwamnatinsa na cewa canji daga kan mutum yake farawa. Bayan 'yan kwanaki aka gano wani sashe na jawabin, inda ake gargaɗi kan ɓangaranci da ƙanƙantar tunani da suka daɗe suna gurɓata siyasa, kusan kalma da kalma daga jawabin nasarar Obama na 2008 aka kwaso shi. Fadar shugaban ƙasa ta amsa, ta ɗora laifin a kan wani ma'aikaci mai rawar kai. Bayan wata huɗu, ranar 7 ga Janairun 2017, Nana Akufo-Addo ya sha rantsuwar zama shugaban Ghana a Accra, aka gano a jawabinsa akwai jimlolin Bill Clinton na 1993 da na George W. Bush na 2001. Daraktan yaɗa labaransa ya fito ya ba da haƙuri.

Mutane sun tsaya a kan abin kunyar satar. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a lokacin da ake karanta jawaban babu wanda ya ji wani baƙon abu. Maganar da aka tsara don Chicago ta zauna daram a Abuja. Ta Clinton da ta Bush, mutum biyu daga jam'iyyu biyu masu adawa da juna, sun kwana lafiya a takarda ɗaya a Ghana. Babbar riga ce da aka ɗinka ta yadda za ta shiga kowa, kuma rigar da ta shiga kowa ba a gwada ta a jikin kowa ba. Maganar da za a iya faɗa a kowace ƙasa, a kowace shekara, ba ta yi wa kowa alkawarin komai ba.

“Ai kalmomi masu daɗi suna kashe wuta”

Wannan ita ce suka mafi nauyi da za a yi mini, kuma ba na raina ta. Za a ce kai malam, daren sanar da sakamako dare ne mai hatsari. Matasa na kan titi, wasu da murna wasu da fetur. Kalma ɗaya ta gadara daga wanda ya ci tana iya ƙona kasuwa. Idan romon baka zai sa a kwana lafiya, a bar shi ya yi.

Gaskiya ne. Duk wanda ya ga abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011 ba zai yi wasa da wannan ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. Don haka lokacin da Buhari ya ci karo na biyu a watan Fabrairun 2019, ya roƙi magoya bayansa kada su yi wa 'yan adawa dariya ko su wulaƙanta su, ya ce nasarar kanta ta ishe su lada, na ga amfanin maganar. Umarni ne ga mutanensa, kuma ya hana su abin da suke marmarin yi a wannan daren.

To amma mu duba da kyau. A 2011 ma wanda ya ci ya yi kiran zaman lafiya da haɗin kai, wutar ba ta ji ba. A 2015 kuwa aka kwana lafiya. Me ya bambanta su? Wayar da Goodluck Jonathan ya ɗauka ya kira Buhari ranar 31 ga Maris, tun kafin Farfesa Attahiru Jega ya gama sanar da sakamako. Maganar wanda ya faɗi ce ta kashe wutar, domin ita ce mai tsada. Jonathan ya biya ta da kujerarsa, ya biya ta da fushin waɗanda ke kewaye da shi suna so a turje. Haka Mahamudu Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki, ya yi a Ghana ranar 8 ga Disamban 2024, ya amsa shan kaye kafin hukumar zaɓe ta fitar da sakamakon ƙarshe. Wanda ya ci kuwa, me ya rasa don ya ce mu haɗa kai? Haɗin kan a ƙarƙashinsa za a yi.

Ko maganar wanda ya faɗin ma sai an jira an ga cikawa. Shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya kira Adama Barrow da ya kayar da shi a gaban kyamara a farkon Disamban 2016 ya taya shi murna har da raha, bayan mako ɗaya ya ce bai yarda ba. Sai da sojojin ECOWAS suka taso sannan ya tattara ya bar Gambiya a watan Janairu.

Saboda haka na yarda kalmomin sanyaya zuciya suna da aiki a wannan dare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauke su a matsayin shaidar halin mutum, ko alamar yadda zai yi mulki.

Kwana 54 tsakanin magana biyu

Babu jimlar da ta fi shahara a siyasar Najeriya ta shekarun nan kamar wadda Buhari ya faɗa a dandalin Eagle Square ranar 29 ga Mayun 2015, cewa shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne. An buga ta a riguna, an saka ta a kanun jaridu, masu sharhi sun kwana suna fassara ta. Wasu suka ce da Tinubu yake, wasu suka ce da 'yan Arewa masu jiran rabo yake. Kowa ya ji abin da yake so ya ji, kuma wannan ita ce gwanintar jimlar.

Ranar 22 ga Yulin wannan shekarar, a wata cibiyar nazarin zaman lafiya da ke Washington, aka yi masa tambaya kan yankin Neja Delta da tafiya da kowa. Babu takarda a gabansa. Sai ya ce, a gaskiya yankunan da suka ba shi kashi 97 ba za a yi musu daidai da waɗanda suka ba shi kashi 5 a wasu al'amura ba. Ya ci gaba da cewa tsarin mulki ya tanadi haƙƙin kowace jiha, kuma masu kare shi sun daɗe suna nuna wannan ɓangaren. Amma abin da ya zauna a zukatan mutanen Kudu maso Gabas shi ne 97 da 5, kuma da wannan idon suka riƙa kallon kowane naɗin muƙami har ya sauka.

Ba ina cewa Baba ya yi ƙarya a ranar rantsuwa ba ne. Mai yiwuwa har zuciyarsa haka yake ji. Matsalar jimlar ita ce ba ta da inda za a kama ta. Na kowa ne, to ta wace hanya? Da ya ce, alal misali, shugabannin tsaro za su fito daga dukkan shiyyoyi shida, da an samu abin ƙirgawa. Tunda bai faɗa ba, masoyi ya ce ya cika, maƙiyi ya ce ya saɓa, babu mai iya kayar da wani.

Wanda ya faɗi abin da zai cuce shi

Yanzu a kwatanta da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ba gwanin magana ba ne, muryarsa ma sai ka kasa kunne. Amma ranar 29 ga Mayun 2007, a gaban wanda ya ɗora shi da manyan jam'iyyarsa, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kuma ce zai kafa kwamitin da zai duba tsarin zaɓen gaba ɗaya. A lokacin Buhari da Atiku sun riga sun kai shi kotu, don haka makami ya miƙa wa lauyoyinsu da hannunsa. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, inda ya tsira a watan Disamban 2008 da alƙalai huɗu a kan uku.

Kwamitin kuma ya kafa shi, a watan Agustan 2007, ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, suka miƙa rahoto a Disamban 2008. Ya kuma bayyana kadarorinsa a bainar jama'a wata guda bayan hawansa, abin da doka ba ta tilasta masa ba.

Shin ya cika duka? A'a. Kwamitin Uwais ya ba da shawarar a cire zaɓo shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a sa majalisar harkokin shari'a ta ƙasa ta riƙa tantancewa. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta ƙi wannan shawarar, kuma har yau shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalin wasan da shi ma zai buga. To ka ga ni: na iya faɗa maka inda ya cika da inda ya gaza, da wata da shekara. Abin da nake nufi ke nan da magana mai ɗaure mai ita. Ta ba mu igiyar da za mu auna shi, har mu same shi da gazawa.

“To ga wanda ya faɗi takamaimai, kun ji a jikinku”

Na san wani zai yi murmushi ya ce, kai da kake neman magana takamaimai, ai an ba ka. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Babu kwana-kwana, babu romon baka. Kafin la'asar gidajen mai sun rufe, layi ya dawo, cikin kwana biyu litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. Ko irin wannan kake so?

Wannan misalin ya tabbatar da cewa maganar sabon shugaba ba iska ba ce, zarar bunu ce. Duk mai cewa jawabin irin wannan rana al'ada ce kawai, a bar shi ya wuce, sai ya tambayi ɗan adaidaita sahu. Kuma a yi adalci: manyan 'yan takara uku duk sun ce za su cire tallafin, kasafin da Buhari ya bari ma zuwa Yuni kawai ya tanade shi.

Sai dai jimlar ba ta ci jarrabawata ba. Ban ce takamaimai kawai ba, cewa na yi wadda ta ɗaure mai faɗar ta. Wannan jimla wa ta ɗaure? Ma'aikacin da albashinsa a lokacin naira 30,000 ne, da mai kai tumatir kasuwa, da uwar da ke biyan kuɗin motar 'ya'ya zuwa makaranta. Da a cikin numfashi ɗaya ya ƙara da cewa kuɗin da aka tsimi naira kaza ne a wata, za a riƙa buga inda suka tafi, kuma ayarin motocina da na ministocina zai ragu zuwa kaza, da na ce ga magana. Yanke hukunci a kan aljihun wani ba shi ne jarumta ba.

A ɗaya ɓangaren, a jawabinsa na 1 ga Maris 2023 Tinubu ya gaya wa matasa cewa ya ji kokensu, ya yi alkawarin lamunin karatu, ya ce karatun shekara huɗu zai zama shekara huɗu ba yajin aiki. Alkawarin lamunin yana da kan kamawa, kuma an kama: ya sa hannu a dokar a watan Yunin 2023, aka sake ta a 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatun ɗalibai. Na yajin aiki kuma kowane ɗalibi zai iya ƙirga wa kansa. “Na ji kokenku” kuwa ba ta da ma'auni. Yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, aka gurfanar da su a Abuja a farkon Nuwamba har wasu suka yanke jiki suka faɗi a kotu kafin a ba da umarnin sakinsu, su ma matasa ne, kuma koke suka fito yi.

Da wa ake magana?

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna. Ɗan takara zai shekara yana bin mu da Hausa. Taro da Hausa, waƙa da Hausa, sojojin baka a rediyo da Hausa, a kasa a tsare a raka duk da Hausa. Ranar da ya ci, sai ya ɗauko takarda ya karanto mana Turanci. Ba a shugaban ƙasa kaɗai ba, wanda za a ce yana magana da ƙabilu ɗaruruwa. Har gwamnan jihar da kusan kowa ke jin Hausa a cikinta. A Nijar ma haka aka daɗe ana yi, a nemi ƙuri'a da Hausa da Zabarmanci, a yi jawabin rantsuwa da Faransanci.

Wannan yana nuna maka wa aka rubuta wa jawabin. An rubuta shi ne don jakadun ƙasashen waje, da editocin jaridu, da alƙalan da ƙara za ta je gabansu. Dattijuwar da ta tsaya a layi tun hantsi sai ta jira a taƙaita mata a labaran yamma.

Ka lura kuma, maganganun da suka fito daga cikin 'yan siyasarmu, waɗanda ba a manta su, da harshen gida suka fito. “Kare jini biri jini” da Buhari ya faɗa a 2012, da Hausa ce. Maganar Tinubu a Abeokuta a watan Yunin 2022, cewa yanzu lokacinsa ne, da Yarbanci ya yi ta. Zafi da harshen uwa, sanyi da harshen aro. Shi ya sa ba na ganin laifin talakan da ya fi gaskata abin da ya ji a filin kamfen a kan abin da aka karanta a ɗakin taro. Alkawarin da aka yi da Hausa ya fi wuyar zillewa, domin mai shayi ma zai iya maimaita maka shi.

Batun “Allah ne ya ba ni”

Nan sai a taka a hankali. Babu Musulmin da zai yi jayayya cewa Allah ne ke ba da mulki ga wanda ya so, ya karɓe daga wanda ya so. Aya ce a cikin Suratu Ali Imrana. Godiya ga Allah a bakin wanda ya samu nasara kuma wajibi ce.

Inda nake da ja shi ne yadda ake amfani da maganar a matsayin murfi. Ana faɗar ta ne ta yadda duk wanda ya ce an yi maguɗi zai zama kamar yana faɗa da ƙaddara. Wanda ya tafi kotu a ce ba shi da tawakkali. Alhali Fir'auna ma mulki ya yi, kuma ba da ƙarfinsa ya samu ba. Kasancewar abu ya faru da ƙaddarar Allah ba ya wanke hanyar da aka bi aka same shi. Ɓarawo ma da ƙaddara ya shiga gida, ba a fasa kai shi gaban alƙali ba.

In addini ake so a kawo cikin jawabin karɓar mulki, ai muna da samfuri. Huɗubar Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, bayan an yi masa mubaya'a, gajeriya ce ƙwarai. Ya ce an ɗora shi a kansu alhali ba shi ne mafificinsu ba. In ya yi daidai su taimake shi, in ya kauce su miƙar da shi. Mai rauni a cikinsu mai ƙarfi ne a wurinsa har sai ya karɓo masa haƙƙinsa, mai ƙarfi kuma mai rauni ne har sai ya karɓi haƙƙi daga hannunsa. Su yi masa biyayya matuƙar yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa babu biyayyarsa a kansu. Kusan kowace jimla a ciki shi ta ɗaure. Ya ba mutane izinin gyara shi, har ya gaya musu sharaɗin da za su daina bin sa. 'Yan siyasarmu sun san huɗubar nan, da yawansu tun a Islamiyya suka haddace ta. Ɓangaren godiya suke ɗauka, su tsallake na “ku miƙar da ni”.

“Ba shi ya rubuta ba”

Wannan ba ta da nauyi. Kowa ya san akwai masu rubuta wa shugabanni jawabi, ba kuma aibi ba ne. Amma wanda ya tsaya ya karanta da bakinsa, a gaban tuta, maganar ta zama tasa. In ta yi daɗi ba ya cewa a tafa wa marubucin.

Abin da ya rage shi ne namu ɓangaren, mu masu sauraro, musamman gidajen rediyo. A Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato akwai shirye-shiryen siyasa na dare da ke da masu sauraro fiye da kowace jarida, amma yawancin lokacinsu yana tafiya ne a kan wane ya zagi wane. Zaɓen 2027 na tafe, kuma za a yi jawaban nasara ɗaruruwa, daga na shugaban ƙasa har na ɗan majalisar jiha. Ba abu ne mai tsada ba kowace tasha ta ajiye faifan jawabin gwamnanta, ta fassara shi zuwa Hausa gaba ɗayansa ba taƙaitawa ba, ta ware jimlolin da ke da adadi ko wa'adi ko sunan wuri. Duk ranar 29 ga Mayu a sako muryarsa, a gayyato kwamishinan yaɗa labarai ya zauna a situdiyo, a buɗe layin waya. Inda kuma aka tace jawabin kaf ba a samu jimla ɗaya mai adadi ko wa'adi ba, sai a gaya wa masu sauraro hakan tun a makon farko.